Bashin Taki Ya Hana Ni Barci: Ko Bangaskiyata Ce Ta Gaza?

Wani dattijon ikilisiya daga wani ƙauye a ƙasar Rogo ya aiko mana da wannan tambaya:

"Shekaruna sun haura 50, mutum tara nake ciyarwa. Bana na karɓi buhu huɗu na taki bashi a hannun wani ɗan kasuwa, a kan in ba shi buhu shida na masara da kaka. A watan Yuli ruwa ya ɗauke mana kusan mako uku, masara ta nannaɗe, buhu ɗaya na yuriya ma ban samu na zuba ba. Yanzu ruwa ya dawo, amma barci bai dawo ba. Ƙarfe biyu na dare nake farkawa, gabana yana faɗuwa, in yi ta lissafi har zakara ya yi cara. Ran Lahadi Fasto ya yi wa'azi cewa sai mun zama kamar ƙananan yara, mu dogara ga Ubanmu mu huta. Ni ne kuwa nake bi da addu'ar safe a majami'a. Ina gaya wa mutane kada su damu, ni kuwa damuwa tana cina. Ko bangaskiyata ce ta gaza? In ajiye dattijantakar ne?"

Dattijo, salama a gare ka da iyalinka.

Kada ka ajiye. Rashin barci ba shaidar rashin bangaskiya ba ne. A 2 Korantiyawa 11:27-28, da Bulus yake lissafa wahalolinsa, ya sa yawan rashin barci a ciki, ya ƙara da damuwar ikilisiyoyi da take danne shi kowace rana. Ubangiji Yesu kansa, a Getsamani, ya ce wa almajiransa ransa yana baƙin ciki kamar ya mutu, kuma a wannan daren ne ya faɗi ƙasa ya kira Allah "Abba", wato Uba (Markus 14:33-36). Tashin hankali da dogara sun fito daga baki ɗaya a sa'a ɗaya. Yanzu kaya biyu ka ɗauka, bashin taki da kuma zargin kanka. Na biyun ba Allah ne ya ɗora maka ba, ka sauke shi tun yau.

Sai maganar zama kamar yaro, wadda sau da yawa ana jin ta a karkace. Duba abin da ya jawo ta a Matiyu 18:1-4. Almajirai ne suka zo suna tambaya wane ne babba a Mulkin Sama, sai Yesu ya kira yaro ya tsayar a tsakiyarsu, ya ce wanda ya ƙasƙantar da kansa kamar wannan yaron shi ne babba. Bai yabi yaron don ba ya kuka ko don ba ya tsoro ba. Duk mai 'ya'ya ya san ba wanda ya kai yaro kuka da tsoro. Abin da ke ga yaro shi ne bai ɗauki kansa maigida ba, kuma in abu ya fi ƙarfinsa ba ya ɓoyewa, wurin ubansa yake rugawa. Bulus ma ya ja mana kunne a 1 Korantiyawa 14:20 kada mu zama yara wajen tunani. Saboda haka ba a ce ka daina lissafi ba. An ce ka san inda lissafinka ya tsaya.

Nassin da ya fi dacewa da kai shi ne Zabura 131. Aya uku ce kawai, ta Dawuda, tana cikin waƙoƙi 15 na haurawa, daga Zabura 120 zuwa 134. A aya ta farko ya ce bai shagala da al'amuran da suka fi ƙarfinsa ba. A ta biyu ya ce ya kwantar da ransa kamar yaron da aka yaye, yana jikin uwarsa. Lura, bai ce jariri mai shan nono ba. Tambayi uwargidanka bambancin. Mai shan nono in ya hau cinya abu ɗaya yake nema, sai ya yi ta jan riga yana mutsu-mutsu, ba ya lafawa sai an ba shi. Ranar yaye kuwa, wajen shekara biyu, a shafa wa nono abu mai ɗaci ko a kai yaron gidan kakarsa, ya kwana yana tsala kuka, ya ƙi kunu, ya yi fushi da kowa. A ganinsa uwarsa ta juya masa baya, alhali ita ce ta dama kunun ta aika. Bayan an kwana biyu sai ka gan shi ya dawo ya hau cinyar nan ya zauna shiru, ba ya jan komai. Uwar yake so yanzu, ba abin da zai samu a jikinta ba. Wannan kwanciyar hankali ba da ita aka haife shi ba, ta hanyar kuka ya iso gare ta. Dawuda kuma ya ce shi ne ya kwantar da ransa, wato aiki ne da ya yi, ba wani daɗi ne ya faɗo masa daga sama ba. Kai yanzu a dararen kukan kake. Ba alamar an yashe ka ba ce.

To, ga yadda ake yin aikin.

Damuwa tana zuwa maka da tsakar dare ne domin ba ka ba ta lokaci da rana ba. Da rana kana gona, kana majami'a, kana nuna wa mutane lafiya lau kake. Ka ware mata minti 20 kullum, da la'asar bayan ka dawo gona, a zaure ko gindin bishiya, ba a kan shimfiɗarka ba. Samo littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ka ja layi a tsakiyar shafi. Gefe ɗaya rubuta "nawa", ɗaya gefen "na Ubana". Ga yadda za ka gane inda kowane abu zai shiga: in za ka iya rubuta rana da lokacin da za ka yi shi, naka ne. In ba za ka iya ba, na Uba ne. Zuwa wurin mai taki ran Alhamis da hantsi, naka ne. Yadda zai karɓe ka, na Uba ne. Cire ciyawa a gonar dawa, naka ne. Ko ruwa zai kai ƙarshen Satumba, da yadda farashin masara zai kasance a kasuwar hatsi ta Dawanau da kaka, na Uba ne. Kurakurai biyu ake yi a nan. Wani ya tura komai gefen Allah ya naɗe hannu, ya kira ragwanci bangaskiya. Wani kuma ya kwashe komai zuwa gefensa, har da ruwan sama. Daga wasiƙarka, kai na biyun ne. In ka gama, karanta wa Allah abin da ke gefensa ɗaya bayan ɗaya, da sunansa da adadinsa, kamar yadda Filibiyawa 4:6 ta ce a sanar da shi roƙe-roƙenmu tare da godiya, sa'an nan ka rufe littafin ka ajiye shi a wani ɗaki dabam.

Lissafin dare ba ya ƙarewa domin babu lamba ko ɗaya tabbatacciya a cikinsa, saƙa da warwara ne kawai. Ka nemo lambobin gaskiya. Fara da abinci. Tambayi uwargida tiya nawa take aunawa kullum. Buhu mai kilo 100 wajen tiya 40 yake ɗauka, in gidanka tiya biyu yake ci a rana, buhu ɗaya kwana 20 ke nan. Daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba kwana 45 ne, wato tiya 90, buhu biyu da 'yan kai. Leƙa rumbu ka ga abin da ya rage, ka rubuta giɓin. Sai gona. Kada ka tsaya a bakin hanya ka yanke hukunci, gefen gona yakan ruɗi mutum. Shiga ciki, zaɓi wuri biyar dabam-dabam, a kowanne ka ƙirga kara 20 a jere a kunya ɗaya, ka ga guda nawa suka yi goyo mai kyau. In ka samu 60 cikin 100, ka sa ran wajen kashi shida cikin goma na abin da gonar ta saba ba ka, ka ɗan rage don goyon bana zai iya zama ƙanana. Fari ya fi yi wa masara ɓarna lokacin da take fitar da fure da gemu. In kafin nan ya same ta, ruwa kuma ya dawo, takan farfaɗo fiye da yadda manomi ya zata. Ko ma me ka tarar, lamba marar daɗi da ka sani ta fi sauƙin kwana da ita a kan wadda kake zato.

Yanzu bashin. A 2 Sarakuna 4:1-7, da gwauruwa ta zo wurin Elisha mai bin ta bashi yana shirin kwashe 'ya'yanta biyu, bai yi mata wa'azin dogara ba. Tambayarta ya yi me take da shi a gida. Da man ya ƙaru, ya ce ta je ta sayar ta biya bashin, su rayu da sauran. Mu ma tambayar ke nan: me kake da shi a gida? Abu na farko, buhun yuriyar nan. In masara ta riga ta gama goyo, zuba mata shi yanzu kusan asara ne. In bakinsa a ɗinke yake, bai sha danshi ya dunƙule ba, mayar wa mai shi, a cire kashi ɗaya cikin huɗu na bashin, wato buhu ɗaya da rabi na masara. Sauran buhu huɗu da rabi ke nan, ba shida ba.

Ka je masa ƙafa da ƙafa a makon nan, kada ka jira kaka. Karin Magana 6:3 ta ce wanda ya faɗa hannun maƙwabcinsa ya tafi ya ƙasƙantar da kansa ya roƙe shi, Yesu ma ya ce a yi hanzarin shiryawa da mai ƙara tun ana hanya (Matiyu 5:25). Wanda ya je a Agusta ya ce "ga abin da ya same ni", mai gaskiya ake ɗaukarsa. Wanda aka zo aka tarar a Oktoba, mai ɓuya ake ɗaukarsa, ko da maganarsu iri ɗaya ce. Tafi da mutum ɗaya mai mutunci da shi ma mai takin yake jin nauyinsa. Faɗa masa abin da ka ƙirga a gona, ka ce ga buhu nawa za ka iya bayarwa da kaka, ragowar kuma da dawa ko wake ko waken suya a Nuwamba da Disamba, ko da kuɗin aikin rani. A rubuta, kwafi biyu, shaida ya sa hannu. Inda aka fi zamewa shi ne kunya: mutum ya zauna gaban mai binsa, nauyi ya kama shi, ya ce "ai zan cika duka", ya koma gida da bashin da ya fi na da hana barci. Kada ka yi alkawarin abin da zai bar rumbunka wayam. Kada ka ci sabon bashi mai ruwa don biyan tsoho. In dole sai an sayar da wani abu, akuya ko tunkiya ta tafi, amma kada a taɓa shanun huɗa, kada a jinginar da gona, domin su ne za su biya bashin baɗi. In kuma kai ne ke riƙe da kuɗin baiko, miƙa shi ga wani dattijon har ka fita daga wannan hali. Ba don muna zarginka ba, "aro zan yi in mayar" ya kā da mutanen kirki da yawa.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba dole ka riƙe naka kai kaɗai ba. Uwargida ta riga ta san ba ka barci, adadin ne kawai ba ta sani ba, rashin sanin kuwa ya fi tayar mata da hankali. Gaya mata. Gaya wa Fasto ma. Galatiyawa 6 ta ce a ɗauki nauyin juna a aya ta 2, ta kuma ce kowa zai ɗauki kayansa a aya ta 5. Biyan bashin kayanka ne. Ɓoye shi ne ya mai da shi nauyin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Sai dare. Yesu ya ba da misali a Markus 4:26-29 na mutumin da ya yafa iri, yana kwana yana tashi dare da rana, irin yana tsiro yana girma, shi bai san ta yaya ba. Zabura 127:2 ta ce banza ne a yi ta sammako ana kwana a makare ana cin abincin wahala, gama Allah yana ba ƙaunataccensa barci. Tunaninka na ƙarfe biyu bai ƙara wa masara ƙwaya ɗaya ba, ƙarfin da za ka yi noma da shi gobe kawai yake cinyewa. Saboda haka addu'ar kwanciya ta zama gajeriya. Doguwar ka riga ka yi ta da la'asar. Da dare ya isa ka ce, "Uba, na yi nawa na yau, sauran yana hannunka," ka karanta Zabura 4:8, ka kwanta.

In ka farka, kada ka duba agogo ko waya, domin ganin lokaci sabon lissafi yake tayarwa. In tunanin bashi ya taso, ce masa an rubuta shi, lokacinsa gobe da la'asar. In ka ga kamar rabin sa'a ta wuce ido biyu, tashi daga shimfiɗar, zauna a tabarma ka rufe jikinka saboda sauro, kada ka kunna fitila mai haske sosai. Yi ta maimaita Zabura 131 a hankali, aya ukun nan ba su da wuyar haddacewa. Ja numfashi kana ƙirga huɗu, sake shi kana ƙirga shida, domin sakin numfashi a hankali yana rage bugun zuciya. Sai ka ji gyangyaɗi ka koma. Dalilin tashin shi ne, in mutum ya daɗe yana juyi a gado dare bayan dare, jikinsa yakan saba, ya ɗauki gadon wurin fargaba. Da safe kuma tashi a lokacin da ka saba ko da sa'a uku kawai ka samu, barcin rana kada ya wuce minti 30. Daren farko-farko za su iya fin na da wuya. Ba shi mako biyu zuwa uku kafin ka ce bai yi ba.

Akwai kuskuren da masu ibada suka fi faɗawa, kai kuwa dattijo ne, to ka kula. Mutum ya farka da dare sai ya ce Ruhu ne ya tashe shi, ya mai da kowane dare na kwanan addu'a, ya ƙara da azumi a tsakiyar aikin damina, kamar yana biyan Allah tara. Akwai lokacin kwanan addu'a, amma ba ga wanda ya yi makonni ba ya barci ba. Da Iliya ya gudu jeji ya roƙi mutuwa (1 Sarakuna 19:4-8), mala'ika bai tsawata masa ba. Gurasa da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya sāke kwanciya, ya tashe shi ya sāke ci. Maganar Allah sai daga baya ta zo, a Horeb. Kuskure na biyu shi ne mai da dogara ciniki: "Na dogara, saboda haka dole buhu shida su fito." Ba mu da ikon yi maka wannan alkawari, Littafi Mai Tsarki ma bai yi ba. Habakuk 3:17-18 addu'ar mutum ce da gonakinsa ba su ba da abinci ba, garke kuma ya watse, duk da haka ya ce zai yi murna da Allah Mai Cetonsa. Mai yiwuwa bana a tsuke za ka fita. In haka ta faru, ba yana nufin an ƙi addu'arka ba ne.

Jikinka ma yana da tasa maganar, kada a ɗora wa ruhu abin da na jini ne. Goro, shayi mai kauri da Nescafé duk suna da sinadarin da ke hana barci, kuma bayan wajen sa'a biyar rabinsa yana nan a jiki. Goron da ka ci da magariba yana tare da kai da tsakar dare. Daga ƙarfe biyu na rana ka daina. A shekarunka, da faɗuwar gaban da ka ambata, je asibitin da ya fi kusa a auna maka hawan jini, bayan ka zauna ka huta minti biyar, kuma a ranaku biyu dabam-dabam. In yana kaiwa 140 bisa 90 ko fiye, maganar likita ce. In fitsari ne yake yawan tashinka, ko ƙishirwa ta yi yawa, a duba sukari. Kada ka sayi ƙwayar barci a kemis da kanka. Irin su diyazefam cikin 'yan makonni jiki yake sabawa da su, ranar da ka daina kuma rashin barcin ya dawo fiye da da. In ciwon ƙirji ya zo da gumi, ko ya bi hannu ko muƙamuƙi, wannan ba a kwana da shi, asibiti nan take. In kuma ka yi mako biyu abinci ba ya shiga, ba abin da ke maka daɗi, ko zuciyarka ta fara raya maka gara mutuwa, gaya wa Fasto da uwargida a ranar, su raka ka wurin likita. Ciwon damuwa ciwo ne mai magani, ana duba shi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da asibitin Dawanau, kuma zuwa can bai rage wa Kirista komai ba.

Game da addu'ar safe, ci gaba da bi da ita, sai dai ka canja abin da kake faɗa. Daina ce wa mutane "kada ku damu" kawai ka wuce. Karanta musu Zabura 131, ka ce kai ma bana fari ya taɓa ka, kana koyon wannan Zabura tare da su. Ba sai ka ambaci sunan mai takin ko adadin bashin a gaban jama'a ba. Farin Yuli ba gonarka kaɗai ya bi ba, akwai masu zama a bencin nan da suke farkawa a sa'ar da kake farkawa. Nemi biyu ko uku daga cikinsu ku riƙa zama bayan addu'ar tsakiyar mako, kowa da littafinsa, ku duba abin da aka yi a gefen "nawa", ku yi addu'a a kan ɗaya gefen, wanda zai je wurin mai binsa bashi kuma a samu mai raka shi. Ku riƙe zaman har a gama sussukar dawa a Disamba.